Dattawanmu a Shekarar Korona

Ranar 6 ga Maris 2020 aka tabbatar korona ta shigo Kamaru. Ranar 17 ga wata gwamnati ta sanar da rufe iyakoki da makarantu, ta hana taron da ya wuce mutum 50. Haka azumi ya riske mu a Banyo. Da yake cutar ta fi kayar da tsofaffi, sai aka ce su zauna gida, alhali a sahun gaba ake gane wanda bai fito ba, a je dubiya. Kwanon maƙwabci da zakkar fidda kai suka riƙe marasa gata. Ɗalibi, wane dattijo ya daina zuwa jam'i a unguwarku? Je ka gaishe shi yau.