Doki da Baka a Ƙasar Figil da Garwa

Hanyar mota da ta tashi daga Garwa zuwa Marwa ta ratsa Figil, garin da aka fi sani yau da kamfanin siminti da farin dutse. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, amma duwatsu sun tsaitsaya a cikinta: Tingilin a arewacin Garwa, tsaunukan Fali a yammacin Gider, can gaba kuma jerin Mandara. Kusan shekara ɗari, wannan fili da waɗannan duwatsu su ne suka riƙa yanke hukunci tsakanin mai doki da ɗan baka.

Mun saba ganin Fulanin Adamawa a kan dawaki ranar hawan sallah, har muna zaton da doki aka fara jihadi. Da baka aka fara shi. A Tabkin Kwatto, a watan Yunin 1804, dawakin jama'ar Shehu Usmanu ba su wuce ashirin ba, alhali Yunfa Sarkin Gobir ya zo da 'yan lifidi da Abzinawa. 'Yan baka ne suka karya shi. Makiyayan da suka bi tutar Modibbo Adama a ƙasar Binuwai su ma kwari da baka suka gada, don da su suke tsare garke.

Babu labarin da ya fi fayyace wannan kamar na Musfeya, wani garin Fulani a yankin Marwa. A watan Afrilun 1823 rundunar Barno ƙarƙashin Barka Gana, bawan Shehu Laminu kuma jarumin yaƙinsa, ta nufi garin don kamun bayi. Tare da ita akwai Larabawa masu bindiga na Bu Khalum, attajirin Fezzan, da mahayan Sarkin Mandara, da wani Bature ɗan Ingila mai suna Dixon Denham, wanda ya rubuta abin da ya gani. Mutanen garin ba su fito fili ba. Sun kafe shingen itatuwa masu tsini, suka laɓe a bayansa da kibau masu dafi, mata kuma suna gangaro da duwatsu daga kan tudu. An harbi dawaki uku a ƙarƙashin Barka Gana, biyu suka mutu nan take. Mahayan Mandara suka tsaya gefe suna kallo. Da Larabawa suka ja da baya, sai mahayan Fulani suka fito suka bi su. Bu Khalum ya mutu a hanya saboda dafin kibiya, Denham kuma da ƙyar ya tsira, an tuɓe masa tufafi.

Duk dabarar tana cikin wannan rana guda. Ɗan baka ba ya neman mahayi, dokin yake nema, domin dabba ce babba, kuma ƙwarzane kaɗan ya isa dafi ya yi aiki. Abin da ya sa aka ɗinka lifidi ke nan, rigar auduga mai kauri da ke rufe doki da mai shi, kibiya ta maƙale ba ta kai fata ba. To amma lifidi nauyi ne da shi ga zafi, doki ba ya dogon gudu a cikinsa, kuma 'yan baka sun koyi harba masa kibiya mai wuta. Shi kuwa ɗan baka, in aka same shi a fili babu shinge babu dutse, sukuwa ɗaya ta ishe shi. Saboda haka gwanin yaƙi kan sa 'yan baka su fara gajiyar da abokan gaba, 'yan lifidi su fasa sahu, barade masu sauri su yi kora.

Da lamidai suka kafu a Garwa da Marwa da sauran garuruwa, sai al'amari ya juye. Waɗanda suka ci nasara da baka suka koma kan doki, baka kuma ya zama makamin waɗanda ake kai wa hari. Fali da Daba da Mafa da wasu daga cikin Gidar suka riƙe duwatsu. A can doki ba shi da wurin sa kofato. Dole mahayi ya sauka, in ya sauka kuwa ya zama dakare a ƙasar da bai sani ba. Sai mahaya suka koma kwanton ɓauna da rani, suna jiran masu saukowa gona ko rafi. Bai kamata a ɓoye dalilin ba: doki na da tsada, a kudu tsando na kashe shi, dole a sayo sabo daga arewa, kuɗin kuma sau da yawa bayi ne. Mutanen da suka sassaƙa gonaki hawa-hawa a ƙirjin Mandara 'yancinsu suke karewa, kuma sun cancanci a ambace su a tarihi kamar yadda ake ambaton masu tuta.

Bindiga mai ruwa ce ta rusa wannan ma'auni. Ingilishi sun ci Yola a watan Satumban 1901, Lamido Zubairu ya yi gabas. A watan Nuwamba ya gwabza da Jamusawa a Garwa, a watan Janairun 1902 kuma shi da Lamidon Marwa suka tari jagoran sojojin Jamusawa Hans Dominik a Miskin. Duka biyun a fili aka yi su, inda doki ya saba cin nasara, kuma duka biyun 'yan tsirarun sojoji suka kakkaɓe mahaya tun ba su kai tazarar mashi ba. Zubairu ya tsere wa Turawa, amma a 1903 mutanen Lala, mazauna duwatsun arewacin Yola, suka kashe shi.

Su ma Jamusawa, da aka matsa musu daga baya, dutse suka hau. Garwa da ke bakin Binuwai ta faɗa hannun Ingilishi da Faransawa a watan Yunin 1915, amma Kyaftin von Raben da ya haye dutsen Mora da 'yan sojojinsa tun 1914 bai sauko ba sai a Fabrairun 1916, bayan sauran Kamaru duka ta kuɓuce wa Jamus.