Hausa a Gidan Rediyo da Talbijin na Ghana

Duk shekara idan watan Maris ya gabato, gidan talbijin na ƙasa, GTV, yakan yi sanarwar shirye-shiryen tarihi da zai nuna, a sake ganin Kwame Nkrumah yana shelar 'yancin kai a daren shiga 6 ga Maris 1957. Mutanen Zango suna kallo kamar kowa, sai dai da wuya su ga kakanninsu a ciki, alhali harshensu yana cikin waɗanda suka riga shiga wannan gida.

Tushen gidan shi ne tashar ZOY, wadda Gwamna Arnold Hodson ya buɗe a Akra ranar 31 ga Yuli 1935. Ba irin rediyon da muka sani ba ce. Waya ake ja zuwa gidan mutum a liƙa masa akwati, ya saurari abin da aka ɗebo daga Landan, kuma gidajen da suka fara samu kimanin 300 ne. Ana saura shekara guda a buɗe ta Allah Ya yi wa Alhaji Umaru na Kete Krachi rasuwa, a 1934, Allah Ya jiƙansa. Malamin da ya fi kowa rubuta waƙa da tarihi da Larabci da ajami a wannan ƙasa bai riski zamanin akwati ba.

Yaƙin duniya na biyu ne ya buɗe wa harsunan gida ƙofa, domin Turawa suna bukatar labarin yaƙi ya isa kunnen wanda ba ya jin Turanci. Hausa ta shiga tun a lokacin, kuma dalilin a fili yake. Tun rundunar Glover ta yaƙin Asante a 1873 zuwa 1874, Hausa ce harshen bariki, har wanda ba Bahaushe ba idan ya sa kaki sai ya koye ta. Ita ce kuma harshen fataucin goro tun daga Salaga, kuma da yaƙin basasar 1892 ya watse garin, fatake da malamai suka bazu da ita Kumasi da Kete Krachi da Akra. A ganina ba yawanmu aka duba ba, an duba yawan masu jin mu ne. Da haka Hausa ta zauna cikin harsunan gida shida na GBC, tare da Akan, Ga, Ewe, Nzema da Dagbani. A 1961 kuma, da Nkrumah ya buɗe sashen watsa shirye-shirye zuwa ƙasashen waje, aka sa ta a sahu ɗaya da Larabci da Swahili da Faransanci.

Talbijin ta zo ranar 31 ga Yuli 1965, shekara 30 cif bayan ZOY, ƙarƙashin shugabancin Shirley Graham Du Bois. Nan ma an ji Hausa, musamman a shirin ilimin manya. Amma gurbin da aka ba ta na isar da saƙo ne: labarai, tsafta, riga-kafi, umarnin hukuma. Aikin mai shela ke nan, wanda ya tashi daga ƙofar Sarkin Zango ya koma cikin akwati. Ana magana da Zango, ba a cika tambayarsa labarinsa ba. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a watan Nuwamba 1969, wadda ta ba marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, ta raba iyalai da yawa a unguwanninmu, kuma mafi yawan abin da muka sani game da kwanakin nan daga bakin tsofaffi muka ji shi.

Ɗan abin da aka ɗauka ma bai tsira duka ba. A 1989 gobara ta cinye ɗakin ajiyar hotuna da sauti na GBC. A 1996 aka sayar da kaso mafi tsoka na kamfanin fina-finai na gwamnati ga wani kamfanin Malesiya, tsofaffin fina-finai da dama suka lalace saboda rashin kula. Wani ɓangare ya kuɓuta ne don asalin faifansa yana ajiye a Landan, abin da Chris Hesse, mai ɗaukar hoton Nkrumah, ya daɗe yana fafutukar a ceto.

Takarda ta fi faifai sa'a. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana a Legon ta bi gidajen malamai tana kwafar rubuce-rubucen Larabci da ajami, har da na Alhaji Umaru, kuma suna nan. Mai son shirya fim kan Zango daga can zai fara, sannan ya biyo Nima da Sabon Zango da Aboabo wurin waɗanda suka ga 1969 da idonsu, waɗanda mafi ƙanƙantarsu da ke iya tunawa ya haura sittin yanzu.