Yadda aka daina tsaga kwiɓi saboda tsakuwar ƙoda

Shekaru hamsin da suka wuce, wanda tsakuwa ta toshe wa ƙoda ba shi da mafita sai wuƙa. Likita zai tsaga kwiɓi daga ƙarƙashin haƙarƙari, ya ratsa tsoka, wani lokaci ma ya cire guntun ƙashin haƙarƙari kafin ya kai ga ƙodar. Mara lafiya ya yi mako ɗaya ko fiye a kwance, sannan ya ɗauki makonni yana jinyar ciwon. Idan tsakuwar ta dawo, kuma takan dawo, tiyata ta biyu ta fi ta farko wuya.

Mafitsara aka fara kaiwa tun da daɗewa, domin ita ce a kusa. Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba da ya rasu wajen 1013, ya bayyana wani siririn ƙarfe da ake huda tsakuwar da ta maƙale a hanyar fitsari da shi. A 1824 Jean Civiale ya zura wata na'ura ta wannan hanya a birnin Faris, ya murƙushe tsakuwa a cikin mafitsara ba tare da yanka ba, da lalube kawai, don ido ba ya ganin abin da hannu ke yi. Ƙoda kuwa ta gagara. Tana can ciki, jini ya yi mata yawa, kuma sai a 1880 Henry Morris ya ciro tsakuwa daga cikinta a Landan. Kusan shekaru ɗari bayansa, tsagawar nan ce hanyar kowa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda lamarin ya sauya cikin ƴan shekaru kaɗan. A 1976 Fernström da Johansson a Suwidin suka huda ƙaramin rami ta baya har cikin ƙoda, suka faɗaɗa shi sannu a hankali, suka ciro tsakuwa ta nan. A 1980 Pérez-Castro a Sifaniya ya haura da dogon madubi ta mafitsara zuwa bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda. A watan Fabrairun shekarar kuma aka yi abin da ba a taɓa zato ba a birnin Munich na Jamus.

Asalinsa daga kamfanin ƙera jiragen sama na Dornier ne. Injiniyoyinsa suna binciken yadda ɗigon ruwan sama ke ɓarnata jikin jirgi mai tsananin gudu, sai suka fahimci cewa girgizar da bugun ke haifarwa tana iya ratsa ruwa da tsoka, ta je ta fasa abu mai tauri. Suka haɗa kai da likitoci, cikinsu har da Christian Chaussy. Aka kwantar da mara lafiya cikin bahon ruwa, aka riƙa tayar da tartsatsin lantarki a ƙarƙashin ruwan, aka tattara girgizar a kan tsakuwar, bugu bayan bugu, har ta koma kamar rairayi, ta fita da fitsari. Ba a huda fata ba ko kaɗan. Amurka ta amince da na'urar a 1984.

An ɗauka an gama da matsalar, amma tsakuwa mai tauri sosai ba ta fashewa yadda ake so, babba kuma tana barin ɓarɓashin da ke toshe hanya. Shi ya sa har yau, wadda ta wuce santimita 2 ta ƙaramin ramin baya ake cire ta. Daga shekarun 1990 hasken leza na holmium da madubi mai lanƙwasa suka ba likita damar shiga har lungunan ƙoda ta hanyar fitsari, ya niƙe tsakuwar yana kallo a allo, sau da yawa a sallami mutum a ranar ko washegari.

Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye. Zafi da yawan gumi da ƙarancin shan ruwa suna sa fitsari ya yi kauri, a nan kuma tsakuwa ke samun gindin zama. Na'urorin suna da tsada, suna son wutar da ba ta ɗaukewa da ƙwararrun da za su gyara su, don haka a wurare da yawa na ƙasashenmu har yanzu tsaga kwiɓin ake yi.