Kiran Kawusan da harshen tawaye a ƙasar Damargu

Ƙasar Damargu, wadda a yau ta ƙunshi gundumomin Tanut da Balbeji a jihar Damagaram, ta daɗe a zamanin da tana zaman rumbun geron Abzin da kuma zangon ayarin da ke bin hanyar Tarabulus zuwa Agadas da Damagaram da Kano. A lokacin, manoma Hausawa da Barebari ne ke noman ƙasar, yayin da manyan Abzinawa ke riƙe da takobi da raƙuma, suna karɓar wani kaso na amfanin gona a matsayin ladan kariya. A cikin wannan tsari aka haifi Kawusan, ɗan ƙabilar Ikazkazan, a wajajen 1880, wanda daga baya ya jagoranci tawaye mafi girma da Faransa ta fuskanta a ƙasar Nijar.

Bayan da Faransawa suka ci Damagaram a 1899, Kawusan ya bi sahun waɗanda suka gwammace hijira da zama ƙarƙashin Nasara, ya nufi gabas, inda ya shiga Sanusiyya, wato ɗariƙar da ta kafa zawiyoyi, gidajen karatu da ibada da saukar baƙi, daga Libiya har zuwa arewacin Cadi. A can ya ƙware a yaƙi da bindiga, a can kuma ya samo harshen da ya yi wa jama'arsa magana da shi. Shi wannan harshe ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru a Agadas, an saba jin mai wa'azi yana lissafa zaluncin masu mulki, irin su haraji marar tushe da ƙwacen dukiya, sannan ya kafa hujja cewa ƙin bin azzalumi wajibi ne na addini.

Abin da ya ba kiran Kawusan ƙarfi shi ne ya tarar da raunin da bai warke ba. Fatauci da Tarabulus ya durƙushe, yunwar 1913 zuwa 1914 ta cinye mutane da dabbobi, ga shi kuma Faransawa suna karɓar haraji suna kama raƙuma don jigilar sojojinsu, alhali raƙumi shi ne jarin Ba'abzine da mutuncinsa. Saboda haka, lokacin da wasiƙun Larabci suka riƙa isa ga shugabannin ƙabilu suna kiran jihadi, bayan Daular Usmaniyya ta shelanta shi a 1914, mutumin da aka ƙwace wa raƙumi bai buƙaci dogon tafsiri ba. A watan Disamba na 1916 Kawusan, da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, ya kewaye barikin Faransawa na Agadas da igwar da aka samo daga hannun Italiyawa, har zuwa farkon Maris na 1917, sa'ad da rundunar da ta taso daga Damagaram ta ratsa Damargu ta karya ƙawanyar.

Sai dai kiran bai ratsa zukatan manoma kamar yadda ya ratsa na makiyaya ba, kuma dalilin a fili yake: ga wanda ke auna gero yana miƙa wa mai takobi kowace kaka, 'yancin da ake magana a kai ya fi kama da komowar tsohon ubangida. Faransawa sun rama da kisan malamai a Agadas, an kashe Kawusan a ƙasar Fezzan a 1919, Tagama kuma ya mutu a kurkukun Damagaram a 1920. Sai a shekarun 1950, da jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari ta yi kiran a kaɗa ƙuri'ar "a'a" a zaɓen raba gardama na 1958, aka sami harshen siyasa da ya sa talaka a tsakiyar magana, yana ƙorafi a kan Nasara da sarakuna gaba ɗaya.