Daga Kwangwalam Zuwa Babbar Kotun Tarayya

Mai karatu, in ka taɓa cin kasuwar Mai'adua ran Lahadi, ka san rabin hirar 'yan kasuwa a kan kwastan take: an kama motar wane da shinkafa, an tare wane da jarkokin fetur a hanyar Kwangwalam. Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne, ga alƙali a gari, ga majistare da babbar kotun jiha a Daura, amma da zarar maganar ta zama shari'a sai a ce sai Katsina. Me ya jawo haka?

Asalin abin kuɗi ne. A 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa wata kotu a Legas, da doka mai lamba 13, don shari'un kuɗin shigar gwamnatin tarayya: haraji, kuɗin fito, harkar banki da kamfanoni. Sunanta a lokacin Kotun Kuɗin Shiga ta Tarayya. Tsarin mulkin 1979 ne ya mayar da ita Babbar Kotun Tarayya. Daga nan aka shafe shekaru ana ja-in-ja tsakaninta da kotunan jihohi kan wa ke da hurumin me, har sojoji suka raba gardama da doka mai lamba 107 a 1993, suka faɗaɗa ikonta. Tsarin mulkin 1999 ya kwashe wannan ya zuba a sashe na 251.

To a nan ne Mai'adua ta shigo ciki. Duba abin da sashen ya lissafa: kwastan da kuɗin fito, fasfo da shige-da-fice, zama ɗan ƙasa, makamai, miyagun ƙwayoyi. Kai ka ce garin kan iyaka aka zauna aka kalla kafin a rubuta! Don haka ba inda aka kama mutum ake dubawa ba, irin laifin ake dubawa. Rikicin gona, gado ko aure yana nan gida gaban alƙali. Amma buhun shinkafar da ya tsallako daga Nijar ba a biya masa fito ba, wannan haƙƙin tarayya ne.

Kotun guda ɗaya ce a duk Nijeriya, Babban Jojinta na Abuja, shi ke tura alƙalai rassan jihohi, ciki har da na Katsina. Alƙali ɗaya ke zama, da Turanci ake shari'ar, wanda bai gamsu ba ya nufi Kotun Ɗaukaka Ƙara.

A ganina nan ne nauyin yake kan talaka. Lokacin da aka rufe iyakoki a watan Agustan 2019, fataucin da kakanni suka saba yi tun kafin Turawan Ingila da Faransa su ja layi ya koma abin ɓoyo. Wanda tsautsayi ya faɗa wa, sai kuɗin mota zuwa Katsina duk ranar zama, ga na lauya, ga jiran tafinta kafin ya ji abin da ake tuhumarsa da shi.