Hubbaren Shehu: Tarihinsa da Ziyararsa a Yau

Gabatarwa

Idan ana zancen hubbarori a duniya, wanda akan fara ambata shi ne Taj Mahal na birnin Agra a ƙasar Indiya, wanda Sarki Shah Jahan ya fara ginawa a 1632 domin matarsa Mumtaz Mahal. Darajarsa tana ga farin dutsen da aka gina shi da shi. A wannan takarda za mu dubi namu hubbaren, wato na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, wanda darajarsa tana ga wanda ke kwance cikinsa.

Asalin Hubbare

Shehu ya taso daga Sifawa ya koma Sakkwato a 1815. Allah ya yi masa rasuwa a 1817, aka rufe shi cikin gidansa, gidan kuwa shi ne ya zama Hubbare. Daga baya aka rufe 'yarsa Nana Asma'u kusa da shi, haka kuma waɗansu Sarakunan Musulmi, kamar Abubakar na Uku a 1988 da Muhammadu Macciɗo a 2006. Sai dai ba duk shugabannin jihadi ke nan ba: Abdullahi yana Gwandu, Muhammadu Bello yana Wurno, Abubakar Atiku kuwa yana Katuru a ƙasar Zamfara.

Dangantakar Zamfarawa da Shehu ta girmi Hubbaren. Tun kafin jihadin 1804 ya yi shekara biyar yana wa'azi a Zamfara, har ya zauna a Faru, wadda ke ƙasar Maradun a yau. Saboda haka mutumin Talata Mafara ko Bakura da ya kama hanyar Sakkwato, kabarin malamin kakanninsa ya nufa.

Ziyara a Yau

Mai ziyara yakan tuɓe takalmi, ya yi sallama ga mamatan, ya yi musu addu'a, ya ba da sadaka. Mata sukan zo ƙungiya-ƙungiya, al'adar da ta samo tushe daga 'Yan Taru, almajiran Nana Asma'u.

A nan ne muke ganin abin lura. A littafinsa Ihya'us Sunna, Shehu da kansa ya yi hani ga shafar kabari da ɗibar ƙasarsa don neman tabarruki. Ke nan wanda ya je ya yi haka ya saɓa wa mai kabarin a ƙofar ɗakinsa.

Kammalawa

Ra'ayinmu shi ne, Hubbare bai buƙaci ƙawa irin ta Agra ba. Abin da yake buƙata shi ne mai ziyara ya san wa ya zo gaisarwa, da abin da ya koyar. Wannan nauyi yana kanmu malaman kwalejojin horon malamai. Kafin mu kai ɗalibai Sakkwato, mu karantar da su tarihin Faru da Katuru, don kada su yi zaton tarihin Shehu ya tsaya cikin ɗaki guda.