Bayan Zazzaɓi Ya Sauka: Cutar ADEM da Batun Allurar Riga-kafi

A ɗauki misalin yaro ɗan shekara shida da ya yi ƙyanda. Ƙuraje sun fara bushewa, zazzaɓi ya sauka, har ya soma neman tuwo. Ba a cika mako biyu ba sai ga ciwon kai da amai, ga barcin da ba a saba gani ba. Uwarsa ta kira sunansa, ya dube ta kamar baƙuwa. Kwana ɗaya ko biyu, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, wataƙila jijjiga ta biyo baya. A gida za a ce iska ce, ko ƙyandar ce ta koma ciki. A asibiti sanƙarau da maleriyar da ta hau kai za a fara zato, kuma hakan daidai ne. Sai dai akwai cuta ta uku da ba a cika tunawa da ita ba, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da ADEM, wato kumburin ƙwaƙwalwa da laka mai zuwa farat ɗaya, ya bazu wurare da dama.

Masu cewa ƙyanda ta koma ciki sun kusa gaskiya, amma ba ƙwayar cutar ce ke yin ɓarnar ba. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka suna da wani rufi mai maiƙo da ake kira mayelin, wanda aikinsa ya yi kama da na robar da ke jikin wayar lantarki. Garkuwar jiki, bayan ta gama da ƙwayar cuta, takan yi kuskure ta afka wa wannan rufi. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne wani sashe na ƙwayar yana kama da wani sashe na mayelin, sai garkuwa ta kasa bambancewa. Rufi ya saluɓe, saƙo ya daina isa. Yara 'yan shekara 5 zuwa 8 cutar ta fi kamawa, yawanci sau ɗaya a rayuwa, kuma a ƙasashen da aka ƙirga ba ta kai yaro 1 cikin 100,000 a shekara ba.

Hujjar masu tsoron cewa riga-kafi na jawo wannan cuta tana da tushe a tarihi, bai kamata a ɓoye ba. Allurar cizon mahaukacin kare da Louis Pasteur ya fara a Faransa a 1885 daga lakar zomo aka yi ta, wadda David Semple ya haɗa a Indiya a 1911 kuma daga ƙwaƙwalwar dabbobi irin su tumaki. Wasu da aka yi wa sun shanye, wasu sun mutu. A 1933 Thomas Rivers da abokan aikinsa a Cibiyar Rockefeller ta Amurka suka yi ta ɗura wa birai ruwan ƙwaƙwalwar zomo, sai irin wannan ciwo ya bayyana a jikinsu ba tare da wata ƙwayar cuta ba. Ashe laifin na naman ƙwaƙwalwar da ke cikin allurar ne. Tuni Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi a daina amfani da irin waɗannan allurai, kuma na yanzu ba daga jijiya ake yin su ba.

To, a auna da ɗaya ɓangaren. Cikin yara 1,000 da suka yi ƙyanda, kimanin 1 kan sami wannan kumburi, kuma na bayan ƙyanda yana cikin mafi muni: wasu su rasu, da dama su tashi da kurumta, farfaɗiya ko raunin fahimta. Ƙiyasin da ake kawowa ga allurar ƙyanda kuwa bai wuce 1 ko 2 cikin miliyan ba, shi ma ana jayayyar ko allurar ce sanadi. A ganina nan muhawarar ta ƙare. Uban da ya hana a yi wa ɗansa allura don gudun ciwon ƙwaƙwalwa ya miƙa shi ne ga hanyar da ta fi kai wa ga ciwon.

Ina kuma shakkar kalmar "ba kasafai ba" da ake faɗa a kan ADEM idan aka zo da ita arewacin Nijeriya da kudancin Nijar. An yi ƙidayar ne a inda ƙyanda ta yi ƙaranci, na'urar hoton MRI kuma take kusa. Mu nan ƙyanda na dawowa duk bazara, MRI kuwa, wadda ita ce ke nuna fararen tabo a sassan ƙwaƙwalwa, sai manyan birane, ga tsada. Cutar da ba a da abin ganinta ba ta shiga rajista.

Abin takaicin shi ne tana jin magani. Akan ba da sitiroyid mai ƙarfi ta jijiya kwana 3 zuwa 5, a bi da na sha ana ragewa cikin makonni. In ya faskara a koma ga ƙarin sinadarin garkuwa ko tace ruwan jini. Yawancin yaran da aka gano cutar da wuri suna warwarewa sosai. Saboda haka likitan da ya ga yaro ya ruɗe, gwajin maleriya da na ruwan laka ba su gamsar da shi ba, ya tambayi uwa abin da yaron ya yi fama da shi makonni uku da suka wuce. Iyaye kuma su kai yara allurar ƙyanda a wata 9, su koma ta biyu a wata 15 bisa tsarin Nijeriya.